Kumburin reshen koko: adda ce magani, amma wa zai ci asarar?

Masu sayar da maganin feshi a kasuwar Kejetia da ke Kumasi, ƙasar Ghana, sun saba da manomin da zai zo da ganyen koko a leda yana neman abin da zai fesa. Idan sabon ganye ne mai jajayen jijiyoyi, tohon gindin kuma ya kumbura kamar gwiwa, to kuɗinsa kawai zai zubar. Cutar kumburin reshe ce, bairos ke kawo ta, kuma bishiyar da ta kamu ba ta warkewa.

Tun 1936 aka gano ta a Yankin Gabas na Ghana, masana a cibiyar binciken koko ta Tafo suka tabbatar da mai yaɗa ta: wani ɗan farin ƙwaro mai kamar an barbaɗe shi da gari, da ke tsotsar ruwan bishiya mai cuta ya rarrafa zuwa ta kusa inda rassa suka haɗu. Tururuwa ke kiwonsa saboda zaƙin da yake fitarwa, har ta yi masa ɗan rufi a jikin reshe, shi ya sa feshi ba ya isa gare shi sosai. Mai tsananin cutar kan kashe bishiya cikin 'yan shekaru, bayan kwanson ya ƙanƙance ya dunƙule.

Sara ce ta rage, kuma an fara ta tun 1946. Inda ake kuskure shi ne sare wadda ta nuna alama kaɗai. Maƙwabtanta kan ɗauki cutar wata da watanni ganyensu shar, don haka dole a haɗa da su. Kututture ma a kashe shi, in ba haka ba zai sake toho da cutarsa. Sannan a dasa agade don inuwa, a kawo dashen aure, wato ingantaccen irin koko, daga wuraren renon COCOBOD, hukumar koko ta Ghana, a bar tazarar kamar mita 10 tsakanin sabuwar gona da tsohuwa, a cike ta da lemu ko kwakwar manja. Rimi da kuka na iya ɓoye bairos ɗin, a lura da su. Dashen auren yana da juriya ne kawai, shi ma yana kamuwa.

Duk wannan jami'an CHED, sashen COCOBOD mai kula da lafiyar koko, sun san shi. Abin da nake ganin ana yi wa riƙon sakainar kashi shi ne mai aikin abusa, wato mai kula da gonar wani a raba amfani, wanda sau da yawa ɗan arewacin Ghana ne ko ɗan zango. Shi ke kwana a gona, shi ke fara ganin jan ganyen, mai gona yana Kumasi. Rabonsa kashi ɗaya cikin uku ne na amfanin, idan an sare kuma sai ya jira shekara 3 zuwa 4 kafin sabon dashe ya yi 'ya'ya. Mutumin da zai rasa abincinsa in ya kai rahoto, shiru zai yi, ƙwaron kuma ya ci gaba da tsallakawa gonar maƙwabci. A rubuta sunansa a takardar diyyar sarar tun ranar awon gona, a bar masa agaden ya ci ya sayar, kuɗin kuma su shiga hannunsa kafin adda ta taɓa bishiya.