Yardar juna kaɗai ba ta raba auren rajista

Na gaji da jin ana cewa in miji da mata sun yarda su rabu, lauya zai rubuta takarda su sa hannu, shi ke nan. Tunanin yana da tushe, tunda a auren Musulunci saki ba ya jiran alƙali. Amma auren rajista a Najeriya, dokar shari'ar rabuwar aure ta 1970 ta ce Babbar Kotu kaɗai ke warware shi, kuma sai ta gamsu auren ya ƙi gyaruwa, don a bar wa sulhu ƙofa. A ce ma'aurata a Jos sun shekara 2 a rabe, ɗaya ya kai ƙara, wanda aka kai ƙara bai ƙi a raba auren ba, to wannan hujja ce cewa auren ya ƙi gyaruwa. Ko alƙali ya amince, sai bayan wata 3 hukuncin ke tabbata.