Ɗigon koko ne, ba tsaga ba

Jiya ina janye kaya daga ƙarƙashin gado saboda hadari ya haɗo, kun san halin Nima, unguwarmu a Accra ta Ghana, in sama ta yi baƙi, sai hannuna ya faɗa kan tsohon akwatin ƙarfena. Na buɗe, na zauna a ƙasa, har aka kira magariba ban tashi ba.

Zanen 2007 na fara cirowa, shekarar da aka sauya kuɗi, sidi dubu goma ta koma sidi ɗaya. Ga yaron trotro ɗina, wato kwandastan ƙaramar bas ta haya, nan rataye a ƙofar mota, yana ihun Circle, Circle, sunan babbar mahaɗar hanyoyi ta Accra, wata Hajiya ta shaƙe masa riga kan canji. Shi yana lissafi da sabon kuɗi, ita tana yi da tsoho, kuma kowannensu yana da gaskiya. A kan cinyata na zana shi, cikin mota, muna maƙale a cunkoso wajen Mamobi. Ba jaridar da ta buga mini. Hoton takarda, wato fotokwafi, nake yi, in manna a shagon tela da teburin mai shayi, samarin bes, wato majalisar hira, su karanta su yi dariya, wani ya saya mini ataya. Ladan ke nan.

Akwai na layin ruwa, mata da jarkoki masu ruwan ɗorawa, waɗanda ake kira galan ɗin Kufuor, tun asuba. Akwai na dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, a 2015, yawancinsu da kyandir na zana, har kakin ya bar shaida a gefe. Na daren 3 ga Yuni na shekarar, da ambaliya da gobara suka haɗu a Circle, babu. Hannuna ya ƙi. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

To, yanzu ina jin wai an samu wanda ya fara zana rayuwar zango. Wai kafin shi ba a taɓa yi ba. Madalla, Allah ya ƙara basira. Ni dai na san wani yaro da yake fere mini fensir, in aike shi sayen wake da shinkafa ya dawo da rabin ƙwai. Ban ce shi ne ba. Mutane suna kama.

Abin da ya ba ni dariya, shi ma mai farawar yana da yaron trotro. Hula a karkace, kuɗi a naɗe tsakanin yatsu, baki a buɗe. Har da baƙin ɗigo a kuncin hagu. An tambayi mai zanen ma'anar ɗigon, ya gyara zama ya ce tsagar gado ce, ya yi dogon bincike a kanta wajen dattawa.

Ƙanena, koko ne. Ranar ina karyawa da koko da ƙosai a kan takardar, ya ɗiga, na goge da ɗan yatsa, injin hoto ya mai da shi baƙi. Da mutane suka saba da shi na bar shi a kowane zane. Waɗanne dattawa ne suka ba ka tarihin karin kumallona?

Ba kwamfutarka nake ƙyashi ba, launinta yana da kyau. Amma wanda ya zana babbar kwatar Nima da shuɗin ruwa kamar tekun Labadi bai taɓa tsallake ta da takalmi a hannu ba. Fasinjojinka kuma kowa zaune a sake, gwiwa ba ta taɓa kujerar gaba. Wace trotro ce wannan? Ko daga tagar Uber ake leƙo mu?

Ni ban taɓa cewa ni na fara ba. Na tarar da masu rubutu a jikin mota da masu zanen allon aski, a wurinsu na koyi yadda ake karkata hula, kuma duk inda na zauna ina faɗa.

Wanda ya ji a jikinsa kada ya turo mini yara a waya, ya san ƙofar gidan, nan ya sha cin tuwon zafi. Ya zo in nuna masa takardar, tabon yana nan ja-ja-ja. In zai taho kuma, ya haɗo da rular ƙarfen da ya ara tun 2012.