Ƙararrawar da ta tona min asiri

Matata kiɗan maƙera take kiransa. Ni kuwa tun ina sakandare nake manne da Back in Black, kundin waƙoƙin da ƙungiyar AC/DC ta Ostireliya ta fitar a watan Yulin 1980. Kaset ɗin farko a ɗakin yayana na ɗauke shi, na yi ta juya shi da biro har zaren ya tsinke na liƙe da jan farce. Daga nan sai faifai, sai memori, yau yana cikin waya. Furfura ta fito, abin bai sake ni ba. Sai dai na iya ɓoyo, ba na kunnawa sai ni kaɗai a mota, gilasai a rufe.

Ranar wata Asabar aka ce in kai surukina Zariya ɗaurin aure, shi ne waliyyin amarya. Muka ɗauki amininsa, wani dattijo mai carbi. Daga Kano har muka wuce Kura ba mai cewa uffan sai gyaran murya. Wajen Kwanar Dangora na miƙa hannu zan kamo labarai, ashe wayata ta riga ta haɗu da rediyon motar.

Wanda ya san kundin ya san da me yake farawa: ƙararrawa ce ta gaske, mai nauyin tan guda, da aka ƙera musu a Ingila. Ta buga, ta yi jim, ta sake bugawa.

Baba ya leƙa dama, ya leƙa hagu. Gonakin dawa ne iya ganinka.

"Malam, coci muka wuce ne?"

"A'a, Baba."

"To daga ina?"

Kafin in haɗa ƙarya jita ta shigo, ganguna suka biyo, sannan mawaƙinsu Brian Johnson ya buɗe maƙogwaro. Muryar mutumin nan kamar an datse wa akuya wutsiya da ƙofa, kuma wallahi daɗinta ke nan. Na kai hannu zan kashe, rawar jiki ta sa na ƙure ƙarar. Mai carbi ya ja a'uziyya ya fara tofi ta bayan ƙeyata.

Da na samu ta yi shiru, sai na ga gara in kare kaina da tarihi. Na ce ai Baba waƙar makoki ce. Mawaƙinsu na da, Bon Scott, ya rasu a Landan a watan Fabrairun 1980, yana ɗan shekara 33. Suka ɗauko wannan, suka tafi tsibirin Bahamas suka naɗi waƙoƙin, suka yi wa kundin baƙar riga don juyayi.

"Wannan ihun shi ne makokin?"

"Shi ne, Baba."

"Me ya kashe shi?"

Barasa ce ya kwankwaɗa ta wuce kima, aka tarar da shi a mota. Na dubi rawanin Baba na ce, "Ajali ne."

Da na tsaya nan da na tsira. Amma mai son abu bakinsa ba ya rufuwa. A Tashar Yari da muka tsaya shan mai, na nuna masa hoton Angus Young, mai jitar, haifaffen 1955 wanda har yau da kayan makaranta yake hawa dandali, gajeren wando da 'yar hula. Baba ya daɗe yana kallo, ya ce wannan ai sa'an ƙanensa ne, ba shi da manya ne a gidansu? Daga nan ya jefa wayar cikin aljihun babbar rigarsa, ya ce sai mun koma Kano.

Muka isa, masallaci ya cika maƙil. Aka nemi aure, Baba ya bayar, aka ambaci sadaki, liman ya ce a yi Fatiha. Hannuwa na sama, wurin tsit, matata ta kira ta ji ko mun sauka lafiya.

Kun dai san ƙarar da na sa wa wayata.

Sahu uku suka waiwayo suna kallon waliyyin amarya, yana lalube cikin rigar da aka ɗinka da yadi goma, ƙararrawa na tashi daga ƙirjinsa. Ni kuwa na sulale waje neman takalmina. A motar ango Baba ya koma gida, wayar kuma sai da surukata ta sa baki aka aiko min da ita, a kashe, cikin leda.