Aiki ba don lada ba: rabin baitin da ake mantawa a koyarwar Hindu

Duk wanda ya ɗan leƙa addinin Hindu ya ci karo da baiti na 47 a babi na 2 na Bhagavad Gita, littafin nan mai babi 18 da baiti 700 da ke cikin Mahabharata, doguwar waƙar tarihin yaƙi ta tsohuwar Indiya. Matsalar ita ce rabinsa ake ɗauka, a watsar da saura.

A filin daga na Kurukshetra aka faɗe shi. Jarumi Arjuna ya hango kakansa Bhishma da malaminsa Drona a rundunar da zai yaƙa, jikinsa ya yi sanyi, baka ya suɓuce daga hannunsa, ya ce shi kam ya fasa. Krishna, abin bautar Hindu da ke tuƙa masa keken doki, ya ba shi amsa mai gaɓa huɗu: aikin naka ne, sakamakon ba a hannunka yake ba, kada kwaɗayin sakamako ya zama abin da ke tura ka, kada kuma ka fake da haka ka naɗe hannu. Gaɓar ƙarshen ce ake tsallakewa, har malalaci ya samu mafaka. Alhali mutumin da ake yi wa maganar yana shirin gudun aiki ne.

Horon da ke tafe da wannan ba na fatar baki ba ne. Babi na 6 ya tsara har wurin zama don zuzzurfan tunani: wuri mai tsabta, kada ya yi tudu kada ya yi kwari, a shimfiɗa ciyawar kusha, fatar barewa, sannan ƙyalle. Gadon baya da wuya da kai su miƙe, ido a kan tsinin hanci. Mai cika ciki ba zai iya ba, mai kashe kansa da yunwa ma haka, barci ma sai da awo. Arjuna ya ce kama zuciya kamar kama iska ne. Krishna bai musa ba, ya ce maganin biyu ne: naci da rage kwaɗayi. Masu farawa kan faɗi ne a nan, su zauna kwana uku suna jiran nutsuwa, wato sun koma jiran lada ta bayan gida.

Inda ni nake da ja shi ne baiti na 35 a babi na 3, mai cewa gwamma mutum ya yi nasa aikin ko da tangarɗa da ya ƙware a na wani. Wa ya raba aikin? Babi na 4 ya ambaci azuzuwa huɗu na al'umma, kuma an daɗe ana fassara hakan da gadon haihuwa, ɗan mai shara ya mutu yana shara. Gandhi, jagoran neman 'yancin Indiya, ya ɗauki yaƙin a matsayin kokawa da son zuciya. Ambedkar kuwa, jagoran rubuta kundin tsarin mulkin Indiya, wanda aka haifa cikin waɗanda ake ƙyamar taɓawa, ya ce littafin yana kare wannan rabon ne. A 1956, a birnin Nagpur, ya bar addinin ya koma na Buddha tare da dubun dubatar mabiyansa.