Sadaka ce ko ciniki?

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan uwa.

A shekarar 1983 kamfanin American Express na Amurka ya yi wata sanarwa: duk sa'ad da mutum ya biya kuɗi da katinsu, za a ware senti ɗaya don gyaran mutum-mutumin 'yanci da ke New York, duk sabon katin da aka buɗe kuma dala ɗaya. An tara kimanin dala miliyan 1.7, aka zuba a asusun gyaran. Amma a lokacin nan yawan ciniki da katin ya ƙaru da kashi 28 cikin ɗari. Daga nan manyan 'yan kasuwa suka gane cewa tausayin mai saye ma hanyar fitar da haja ne, suka riƙe ta gam.

Ga yadda abin yake tafiya. A samo wata alama da ido zai gane nan take, a manna ta jikin kaya. Ɗan ƙyallen nan mai ruwan hoda na yaƙi da sankarar mama, wanda kamfanin kayan kwalliya na Estée Lauder ya shiga rabawa a 1992, yau ba abin da ba a liƙa masa ba. A 2010 har bokitan soyayyen kaza na KFC an mayar ruwan hoda, wai senti 50 daga kowane bokiti zai tafi wannan yaƙi, masana lafiya suna tambayar wane irin magani ne wannan. Wani jan tambari da ake kira RED ya zo a 2006 da sunan yaƙi da ƙanjamau a Afirka, ya hau waya da riga da takalmi. Sai a haɗa da hoton yaro ramamme, idanu sun yi zuru-zuru, da kiɗa mai sanyaya jiki. Kafin hankali ya tambayi nawa ne zai isa ga yaron, hannu ya riga ya shiga aljihu.

Mu ma abin ya iso mu. Da watan azumi ya kama za ka ga jinjirin wata da fitila da kalmar marayu a kan tallan da jiya ba ruwansa da addini.

Ba na cewa haramun ne saye, ba kuma na cewa kuɗin ba sa zuwa ko'ina. Wasu suna zuwa, an yi wa mutane magani da su, Allah Ya amfanar. Inda nake jin tsoro shi ne zuciya. Mutum ya sayi abin da ransa yake so tun farko, ya koma gida da sanyin nan na wanda ya yi sadaka, alhali abin da ya fita saboda mabuƙaci bai kai kuɗin ruwan leda ba. Gobe bazawarar da ke maƙwabtaka da shi ta aiko yaro neman kwanon masara, sai ya ji a ransa ai ya riga ya bayar. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ayyuka suna tare da niyya, kowa kuma yana da abin da ya yi niyya. To tambayi kanka, malam: takalmin ka nufa ko marayan? In da ba a sa hoton ba, za ka saya? In kuma ba ka buƙatarsa sam, hoton ne ya ja ka, to ka tuna Suratul Isra'i ta kira masu almubazzaranci 'yan uwan shaiɗanu.

Sannan irin wannan sadaka a jiki ake sa ta, kowa ya gani. Alhali cikin mutum bakwai da Allah zai sa a inuwarSa ranar da babu wata inuwa, akwai wanda ya ɓoye sadakarsa har hagunsa bai san abin da damansa ya bayar ba. Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta yi kashedi a kan mai ciyarwa don mutane su gani. Hajiya, in kin ɗora hoton jakar a Facebook kina cewa kin taimaki marayu, ki duba da kyau wa kike so ya sani.

Ko masu wannan harka sun fara gane iyakarta. Kamfanin takalma na TOMS, da ya yi suna tun 2006 da cewa ka sayi ɗaya a ba yaro matalauci ɗaya, ya sha suka cewa takalmin kyauta yana iya karya masu ɗinkin takalmi na garuruwan da ake kaiwa. A 2019 ya bar tsarin.

Ku kuma 'yan kasuwarmu da kuka fara kwaikwayo, hadisin Abu Huraira a Bukhari da Muslim ya ce rantsuwa tana fitar da haja amma tana shafe albarka. Sunan maraya ba abin jawo ciniki ba ne a banza, amana ce kuka ɗauka. In kun ce wani kaso zai tafi gidan marayu, ku rubuta naira nawa ne a kowane kwali, ku faɗi wane gida ne, bayan Sallah kuma ku fito da rasit a gani.