A fara auna mutanen Arlit tukuna

Wani labari ya ce gwamnatin Amurka na kashe kuɗi a binciki illar tururin nukiliya ɗan kaɗan a jikin mutum, madalla, to mu fa? Tun 1971 ake haƙo iraniyom a Arlit, a arewacin Nijar, mutane na shaƙar ƙura da iskar radon (iska mai tururin nukiliya da ke fitowa daga dutsen iraniyom) kullum, tarkacen ƙarfen mahaƙa ma har kasuwa yake zuwa. Kawuna ya daɗe yana aiki can, ya dawo Damagaram da tari mai hana barci, a likita radiyon ƙirji kawai aka yi mai aka sallame shi. Malam mai cewa kaɗan ba ya cutarwa, kaɗan ɗin da aka shaƙa shekara da shekaru fa? Yaushe gwamnatinmu za ta sa kuɗi a bibiyi lafiyar tsofaffin ma'aikatan nan?