Masu zuwa kallon orangutan a Sumatara, don Allah ku daina miƙa musu ayaba

Akwai wani irin hoto da nake yawan cin karo da shi a Facebook da TikTok, mutum tsaye a cikin kurmi a ƙasar Indonesiya yana miƙa wa birin orangutan ayaba ko guntun kankana, birin ya sauko ya riƙe masa hannu, a ƙasa kuma jama'a na ta zuba masha Allah da alamar zuciya. Wallahi ni raina ne yake ɓaci duk lokacin da na gani, kuma tunda na san 'yan uwanmu da ke karatu a Maleshiya kusa suke da wurin, jirgi daga Kuala Lumpur zuwa birnin Medan da ke tsibirin Sumatara bai wuce awa ɗaya ba, gara in faɗi abin da ke raina.

Tafiyar kam ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari, duk mai hali ya je. Daga Medan za ka hau mota awa uku zuwa huɗu kafin ka isa Bukit Lawang, ƙauye ne a bakin kogin Bohorok, daga nan ake shiga gandun dajin Gunung Leuser da ƙafa. Ba wasa ba ne fa, hawa ne da gangara, ga santsi ga laka, wani wurin sai ka kama saiwar bishiya za ka iya hayewa, rigarka ta jiƙe sharkaf da gumi tun kafin hantsi, matsattsaku kuma na jiranka a kan ganye shi ya sa ake cusa ƙafar wando cikin safa. Amma da asuba za ka ji kukan birin siamang ya cika dajin gaba ɗaya, ka ga wasu birai masu tukku a ka da ake kira Thomas waɗanda a arewacin Sumatara kaɗai ake samunsu, cilakowa manya manya su wuce ta saman kanka kana jin ƙarar fikafikansu. A dajin nan na Leuser ne kaɗai a duniya giwa da karkanda da damisa mai zane da orangutan suka rage tare a wuri guda, duk da dai ukun farko da wuya ƙwarai ka sa su a ido.

To me ya sa wasu orangutan ɗin Bukit Lawang ke saukowa wajen mutane? A 1973 ne wasu mata biyu 'yan Suwizalan, Regina Frey da Monica Borner, suka buɗe cibiya a wurin don karɓar biran da aka ƙwato daga hannun masu ajiye su a gida, ana koya musu zaman daji a sake su. An daina wannan aikin a wurin tuntuni, amma biran da aka saki da 'ya'yansu suna nan, sun saba da ɗan Adam. Shi ne wasu 'yan jagora, ba duka ba, suke cika jaka da 'ya'yan itace suna kiran su, saboda baƙo ya biya kuɗi kuma yana son hoto.

Ga abin da mai ɗaukar hoton bai sani ba. Ƙwayoyin halittar orangutan sun yi daidai da namu kusan kashi 97 cikin ɗari, ma'ana murar da za ka yi kwana biyu ka warke, tarin da ba ka ɗauke shi komai ba, duk yana iya kama shi, shi kuma jikinsa bai san wannan cutar ba. Ka ɓare ayaba da hannun da ka share hanci da shi ka miƙa wa uwa mai goyo. Kai gobe kana jirgi ka koma makaranta, ita an bar ta da abin da ka ba ta. Kuma dabba ce da ba ta haihuwa da yawa, mace tana yin kusan shekara 8 tsakanin haihuwa da haihuwa, duk cikin dabbobin tudu masu shayarwa babu mai tazara irin tata. Cikin shekarun nan ɗan yana manne da uwar yana koyon wace bishiya ce ke 'ya'ya a wane lokaci, wane ɓawo ake ci in 'ya'yan itace sun yanke, yadda ake lanƙwasa rassa a yi sheƙar kwana sabuwa kullum da yamma. In uwar ta koma zaman jiran jakar 'yan yawon buɗe ido a bakin hanya, abin da ɗan zai tashi da shi ke nan. Duk wanda ya taɓa zuwa Bukit Lawang ya ji labarin Mina, wata mace da ta yi suna wajen tare hanya da cizon mutane in ba a ba ta abinci ba, ai mutane ne suka mai da ita haka.

Kuma dabbar da muke mayarwa mai bara ɗin nan ku ji irin basirarta. A 2022 masu bincike a Suaq Balimbing, cikin wannan gandun dajin dai, sun ga wani namiji da suka sa wa suna Rakus ya ji rauni a fuska, ya tsinko ganyen wani tsiro da mutanen yankin ke magani da shi, ya tauna ya shafa ruwan a ciwon sannan ya lulluɓe shi da taunannen ganyen, ciwon kuma ya warke. Subhanallah.

Nawa ma suka rage? Na Sumatara kusan 14,000 ne. Akwai wani jinsin na yankin Tapanuli, shi ma a tsibirin, da sai a 2017 aka tabbatar daban yake, shi bai kai 800 ba. Babban abin da ke cinye su sare daji ne, tun a hanyar Medan za ka gani da idonka, gonakin kwakwar manja layi layi iya ganinka. Abin da ke taɓa ni shi ne bishiyar nan tamu ce ta Afirka ta Yamma, Turawan Holan ne suka kai ta lambun garin Bogor na Indonesiya a 1848, yau Indonesiya ce kan gaba a duniya wajen manja. Mutanen Bukit Lawang kuma sun ɗanɗana kuɗar sare daji, a Nuwamban 2003 ambaliya ta sauko ta kogin Bohorok da dare da gumagumai ta share ƙauyen, mutum sama da 200 suka rasu, Allah ya jiƙan su.

Shi ya sa ba na ganin laifin ɗan jagora shi kaɗai. Talaka ne mai neman na tuwo, kuma kuɗin baƙi ne ya sa ƙauyen ke ganin amfanin barin dajin a tsaye. Mu masu biya mu ne muke nuna masa abin da muke so, in ya ga wanda ya kira biri ya fi samun ihsani to gobe shi ma zai kira. Yawancinsu ma Musulmi ne 'yan uwanmu, kuma majalisar malamai ta ƙasar ta fitar da fatawa tun 2014 kan kare dabbobin da ke dab da ƙarewa, don haka maganar ba baƙuwa ba ce a wurinsu.

Kafin ka biya ko sisi ka tambayi mutumin ko yana da lasisi da takardar shiga gandun, ka gaya masa ƙarara kai ba ka son a ciyar da komai dominka, ko da za ku wuni ba ku ga orangutan ba. In Allah ya sa kun gan shi ka tsaya nesa kamar mita 10, ka rage murya, ka kashe fulashin kyamara, ɓawon abin da kuka ci ku ƙulle a leda ku fito da shi. In kuma ka tashi da mura ko gudawa ranar tafiyar, ɗan'uwa ka haƙura ka zauna a masauki a bakin kogi har ka warke.